Gadar Radabi da Mas'alar Bangon da Ya Karkata

Ranar Lahadi, 15 ga watan Agusta na shekarar 2021, bayan wani ruwan sama mai ƙarfi da aka tafka a ƙasar Gwaram, wata motar haya da ta taso daga Kano za ta Adamawa ta iso gadar Radabi, a kan hanyar da ta tashi daga Gwaram ta nufi Basirka, alhali ruwa ya riga ya karya gadar. Sai motar ta afka, mutum 21 suka riga mu gidan gaskiya, aka kuma ruwaito cewa da yawa daga cikinsu samari ne masu neman shiga aikin soja. A zamanin kakanninmu labari irin wannan sai ya kwana a hanya, ya jira fatake ko masu dawowa daga cin kasuwar Sara kafin ya iso Birnin Kudu. Amma a wannan karon, tun rana ba ta faɗi ba, ya riga ya shiga wayar kowa, daga teburin mai shayi na bakin tasha har cikin ɗakunan matan aure. Abin da muka faɗa kuwa shi ne abin da muka saba faɗa. Muka yi salati, muka ce Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Wani ya ce kwana ne ya ƙare, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce Allah ya kiyaye gaba. Shugabanni suka aiko da saƙon ta'aziyya. Bayan 'yan kwanaki wani labarin ya zo ya ture wannan.

Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi, domin imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne daga rukunan imani, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan makoki ya san babu abin da ke riƙe zuciyar uwar da aka kawo wa gawar ɗanta kamar sanin cewa ajali ba ya gaba, ba ya baya. Abin da ke damuna, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda muka mai da wannan kalma mai girma abin toshe bakin duk mai tambaya, har ta kai wanda ya ce, "To, gadar nan ta wa ce, wa aka ɗora wa duba ta?" ana yi masa kallon mai raunin tawakkali. Magabata kuwa ba haka suka fahimci al'amarin ba. Sa'ad da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham, ya isa wurin da ake kira Sargu, sarakunan yaƙi suka tarye shi da labarin cewa annoba ta ɓarke a ƙasar, sai ya yi shawara da Muhajirai, ya yi da Ansaru, sa'an nan da dattawan Ƙuraishu, ya yanke hukuncin komawa Madina da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ake yi, Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma ba ta fita daga cikin ƙaddarar Allah ba. Ana karanta mana wannan ƙissa a kan mumbari duk lokacin da wata cuta ta shigo gari, amma ba mu cika tunawa da ita ba idan maganar hanya da gada da magudanar ruwa ta taso.

Wanda ya zauna gaban malaman zaure a ƙasar nan tamu, ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai da himma ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu, zai tarar cewa fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, waɗanda ba mai iya tuhumarsu da ƙarancin imani da ƙaddara, sun tsawaita bayani ƙwarai wajen rarrabe ɓarnar da ake bin wani da ita da wadda ba a bin kowa, watau babin lamuni. A cikin Risala an bayyana cewa mai jan dabba da mai kora ta da wanda ke bisa bayanta duk suna ɗauke da lamunin abin da ta taka, amma abin da ta lalata tana tsaye, ba da sababin kowa ba, ya tafi ke nan. An kuma bayyana cewa shukar da dabbobi suka cinye da dare tana wuyan masu dabbobin, ta rana kuwa ba a binsu, saboda da rana mai gona ne ya kamata ya tsare gonarsa. Imamu Malik da kansa, a cikin Muwaɗɗa, ya raba tsakanin wanda ya haƙa rami a kan hanyar Musulmi inda bai halatta gare shi ba, wanda ke lamunin duk abin da ya faɗa ciki, da wanda ya haƙa inda shari'a ta yarje masa. Asalin da waɗannan hukunce-hukunce ke tafiya a kansa guda ne: a tambaya abin a hannun wa yake, wa ya sani, wa ke da ikon hanawa.

Mas'alar da ta fi kusa da abin da muke ciki ita ce ta bangon da ya karkata. Mutum ne yake da katanga a bakin hanya, an gina ta a miƙe, sa'an nan shekaru suka ci ta, damina bayan damina ta jiƙa gindinta, ta soma sunkuyowa wajen da mutane ke wucewa, ran nan ta faɗo ta danne wani bawan Allah. Shehu Halilu ya ɗora lamuni a kan mai ita da sharuɗɗa uku: katangar ta karkata, an yi masa inzari, watau an gargaɗe shi, kuma ya sami lokacin da zai iya gyara ta ko ya rushe ta, bai yi ba. Masu sharhi suka ƙara da cewa a yi gargaɗin a gaban shaidu ko a wurin alƙali. Wasunsu suka ce idan karkatar ta fito fili har ba ta ɓuya ga mai katangar, to, ba shi da uzuri ko da ba wanda ya yi masa magana. Idan kuwa tun farko a karkace ya gina ta, lamuni ya hau kansa ba tare da jiran wani gargaɗi ba. Ina roƙon mai karatu ya dubi adalcin da ke cikin wannan hukunci, domin bai kama mutum da abin da ba yadda zai yi ya sani ba, bai kuma saki wanda aka gaya wa ya yi kunnen ƙashi ba. Babu kuwa ɗaya daga cikin waɗannan malamai da ya yi zaton wanda katangar ta danne ya mutu kafin wa'adinsa. A wurinsu mamaci ya cika da ajalinsa, mai katanga kuma ya biya diyya saboda sakacinsa, ba su ga wani karo tsakanin maganganun biyu ba.

Idan wani ya ce ai wannan hukuncin katangar gida ne, gada kuwa ba ta kowa ba ce, sai mu ce a tarihinmu gada tana da mai ita. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta wa Umaru Dallaji, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni da ganuwa a cikin maslahohin da ya wajaba shugaba ya tsaya wa talakawansa a kai, a jere da kula da manoma da maƙera da sauran masu sana'a. Wanda ya karɓi amanar mulki ya karɓe ta tare da gadojin da ke cikin ƙasarsa.

To, saura mu duba sharuɗɗan nan uku a kan halin da hanyoyinmu ke ciki, a nan ne kuwa ilmin zamani yake shigowa. Kudancin Jigawa ba irin arewacinta ba ne. Can wajen Maigatari da Birniwa rairayi ne da jigayi, ruwa ya sauka ƙasa ta shanye; mu kuwa a kan dutse muke zaune, waɗannan duwatsu na Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da mutanen farko suka zana shanu a jikinsu, kawunansu ne kawai suka leƙo, sauran jikin yana shimfiɗe a ƙarƙashin gonakinmu. Ruwan da ya sauka a irin wannan ƙasa ba ya samun wurin nutsewa da sauri, sai ya gangara cikin kwazazzabai da rafuka, har rafin da yaro ya tsallake da safe ya zama abin da ba a shiga da la'asar. Ga shi kuma mun fi arewacin jihar samun ruwan sama. Kogin Bunga, wanda a gaba ake kira kogin Jama'are, daga tuddan Jos ya taso, ya ratso ƙasar Ningi kafin ya shigo ƙasar Gwaram, saboda haka yakan cika ya batse da ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa, alhali a nan ko hadari ba a gani ba.

Sa'an nan shi kansa ruwan ya sake hali. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun tashi da tsoron ƙarancin ruwa, amma 'ya'yansu da jikokinsu wani abu dabam suke gani. A shekarar 2017 wasu masana yanayi, a ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila, suka buga bincike a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka nuna cewa manya-manyan hadura masu zubar da ruwa mai tsanani a yankin Sahel, wanda muke gefensa, sun ninka sau uku tun daga 1982. Akwai kuma wani abu da yake sananne ga masana: duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta ɗauka kuwa dole ta sauke shi, sau da yawa a sa'o'i kaɗan. A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, fiye da 100 daga cikinsu a Jigawa, wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa ta auna ta ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi kimanin kashi 20 cikin 100. Injiniya idan zai gina kwalbati yakan auna faɗin bakinta ne da lissafin ruwan da aka saba samu a wurin. Kwalbatin da aka auna da lissafin shekarun fari, yau ana tura mata ruwan da ya fi ƙarfin maƙogwaronta.

Gada ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. A wata damina na tsaya a kan wata kwalbati a hanyar ƙauye, na gangara ƙasa na leƙa, na tarar rabin bakinta ya toshe da yashi da karan dawa da ledoji, bangon da ke riƙe da ƙasar gefenta ya rabu da jikinta har hannu na shiga tsakani, ruwa kuma ya yi ta rarake ƙarƙashin daɓen har ya bar kogon da akuya za ta kwanta a ciki ta sake. A sama kuwa kwalta sumul, babura na wucewa da buhunan taki, ba abin da zai nuna wa direba cewa a kan ɓawo yake tafiya. Haka abin yake faruwa: bakin ya toshe, ruwa ya taru a baya, ya nemi hanya ta gefe ko ta ƙasa, ya kwashe cikon da aka yi, ran da aka yi babban ruwa sai saman ya rufta. Wani manomi da ke noma kusa da wurin ya ce mini, "Ai Malam, tun bara take haka, kowa ya sani." Na ce, "An kuwa gaya wa hukuma?" Ya dube ni ya ce, "Wa za a gaya wa?"

Wannan tambaya tasa ita ce gindin mas'alar. Gargaɗi na gaba ɗaya akwai shi, ba a kuwa taɓa samunsa da yawa kamar yau ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da yawansa, har da fassarar Hausa. Hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu, Jigawa kuwa ba ta cika fita daga wannan jeri ba. Amma adalci ya sa a faɗa cewa hasashen da ya ce za a yi ruwa da yawa a jiha bai zama inzari a kan gada kaza ba, kamar yadda faɗin cewa katangun gari sun tsufa bai isa hujja a kan wani maigida shi kaɗai ba. Sai an sami wanda ya je ya duba wannan gadar da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa mai ita. Mutanen Amurka sun koyi wannan darasi da tsada: ranar 15 ga Disamba, 1967, gadar Silver da ke kan kogin Ohayo ta karye da motoci a kanta, mutum 46 suka halaka, bincike ya gano cewa wata 'yar tsaga ce a jikin ƙarfe guda ta jawo, a sanadin haka majalisarsu ta yi doka, daga 1971 aka wajabta duba gadojin manyan hanyoyi aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, a kuma ajiye rubutaccen bayanin kowace gada. Mu ma muna da hukumar FERMA tun 2002 domin gyaran hanyoyin tarayya, muna da ma'aikatar ayyuka ta jiha, muna da sashen ayyuka a kowace ƙaramar hukuma. Sai dai hanyar da ta fito daga Kano ta bi Wudil da Birnin Kudu da Gwaram ta nufi Kari ta tarayya ce, mai ita yana Abuja, masu ganin tsagewarta kullum suna ƙauye, babu kuwa wata sananniyar ƙofa da maganar na biyu za ta bi ta isa kunnen na farko.

Sharaɗi na uku, watau samun halin gyara, shi ne mafakar da mahukunta suka fi shiga, suna cewa hanyoyi sun yi yawa, kuɗi ya yi kaɗan. Akwai gaskiya a cikin wannan, ba na musu. Amma fuƙaha'u ba su ce dole sai mai katanga ya gina sabuwa ba, sun yarda ya rushe ta ko ya tokare ta, muddin dai ya kawar da cutar daga masu wucewa. Sabuwar gada tana cin miliyoyi masu yawa da watanni. Shinge da fitila da mutum biyu masu gadi a daren da aka yi babban ruwa ba sa cin komai in an kwatanta. Direbanmu idan motarsa ta lalace a hanya yakan karyo ɗanyen ganye ya jera a kan kwalta tun daga nesa, kowa kuma ya san ma'anarsa. Abin da yaron mota ke iyawa da hannunsa bai kamata a ce ya gagari hukuma ba.

Idan kuwa sharuɗɗan sun cika, ina magada za su kai kuka? A nan akwai wani al'amari da na tabbata yawancin mutanenmu ba su san da shi ba. Akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda Turawan mulki suka kafa tun 1916 kuma tana nan har yau, da ta ce duk mai ƙarar ma'aikaci ko hukumar gwamnati a kan wani aiki ko sakaci a bakin aiki, lalle ya shigar da ƙarar cikin wata uku, in ya wuce ƙofa ta rufe, sai a wasu wurare kaɗan da kotuna suka togace. Ingila, inda aka kwaikwayo dokar, ta soke tata tun 1954. Matar da mijinta ya rasu takabarta wata huɗu ne da kwana goma. Ashe ke nan wa'adin neman haƙƙinta yana ƙarewa tun tana cikin takaba, ba ta ko fara tunanin lauya ba, balle kuɗin biyansa. Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, muka yi murna, amma babin haddi ne ya fi shahara a bakin jama'a, babin lamuni ya zauna a cikin littafi, kotun shari'a kuma ba ta da hurumin kiran ma'aikatar tarayya ta tsaya gabanta. Abin da ya rage shi ne tallafi: buhunan shinkafa, da 'yan kuɗi a ambulan, da hoto. Ba na raina tallafi, domin maraya yana bukatar abinci a daren nan. Amma tallafi kyauta ce da mai bayarwa ke yanke yawanta, ana kuma yi masa godiya a kanta, diyya kuwa haƙƙi ce mai ƙayyadadden adadi, raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya ko dirhami 12,000, kuma biyanta ikirari ne cewa akwai wanda alhakin ya hau kansa.

Kada a ɗauka wannan ma'auni mahukunta kaɗai yake kamawa. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar man fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, mai ya malala cikin kwata, jama'a suka taru da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa ya ce mutum 209 suka rasu. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin korar mutane, yawan jama'a ya fi ƙarfinsu. A nan inzari ya zo, a kunnenmu ya sauka, ba mu karɓa ba, bayan wata uku kuma irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. Na ji masu cewa kwaɗayi ne, ban kuwa iya bin su a kan wannan hukunci ba, domin litar man da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba kafin cire tallafi a watan Mayu na 2023 ta kai wajen naira 1,000 a makon da abin ya faru, wanda kuma bai taɓa kwana da yunwar 'ya'yansa ba ya kamata ya sassauta harshe a kan wanda ya ga abincin wata guda yana gudu a cikin kwata. Duk da haka talauci uzuri ne da ke jawo tausayi, ba ya sauya ɗabi'ar fetur. Kuma tambayoyin lafiyar tankar da halin hanyar da abin da aka tanada domin irin wannan dare suna nan a wuyan masu su.

Na taɓa kawo maganar diyya a wani zaman makoki na wanda ya rasu a hatsarin mota, sai wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce mini, "Ɗana, mu ba ma cin kuɗin jini. Wanda ya tafi ya tafi, mun bar wa Allah." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, Allah ya ba da lada," domin wurin ba na jayayya ba ne, kuma yafewa ɗabi'a ce mai daraja wadda Alƙur'ani ya buɗe wa magada ƙofarta. Amma akwai abu biyu da ya kamata malamanmu su riƙa bayyanawa. Na farko, mutum yana yafe abin da ya tabbata nasa ne. Wanda aka hana shi sanin haƙƙinsa, ko aka rufe masa ƙofar nema, ba a ce ya yafe ba, kuma rabon marayu ƙanana ba na baffa ko kawu ba ne balle ya kyautar da shi don kunya. Na biyu, ko da magada duka sun yafe, haƙƙin jama'a na a binciki musabbabin abin a kuma gyara ba ya hannunsu, domin motar gobe ba 'ya'yansu kaɗai za ta ɗauka ba.

Namu rabon na yau da kullum sananne ne, ba sai an tsawaita ba: sharar da muke zubawa a magudanan cikin gari, ginin da muke yi a kan hanyar ruwa, yashin da ake haƙa a gindin gada, itatuwan bakin rafi da ake sarewa don gawayi, da direban da ke taka mota cikin duhu a watan Agusta kamar yana kan hanyar rani. Wanda ya fi nauyi a wurina shi ne abin da Shehu Halilu ya ambata a wani wuri, cewa wanda ya sami ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙyale, lamuni yana iya hawa kansa. Wayar da muke ɗaukar hoton gawa da ita bayan hatsari, mu yaɗa ba tare da tunanin uwar mamacin ba, ita ce dai wayar da za ta iya ɗaukar hoton tsagar gada tun kafin hatsarin, ta kuma kira tashar Gwaram ko ta Birnin Kudu a tsakar dare a ce a tsai da motoci.

Saboda haka abin da nake gani, wanda ba ya jiran kasafin kuɗin kowa, shi ne mu cika sharaɗin inzari da hannunmu, yadda fuƙaha'u suka tsara shi. A watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, dagacin kowane gari da ke bakin hanya, daga Babaldu zuwa Sara zuwa Basirka, ya fita tare da limami da shugaban direbobin tasha da wani magini ko tsohon ma'aikacin ayyuka, su bi gadoji da kwalbatocin da ke ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya, su gangara su leƙa ƙarƙashi. Abin da ke iya gyaruwa da shebur da kwando, samari su yi gayya su yashe shi a ranar. Abin da ya fi ƙarfinsu a rubuta shi a takarda, da sunan wurin da hoto da kwanan wata da sa hannun shaidu biyu, a miƙa ta hannun hakimi zuwa ƙaramar hukuma da ofishin ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ke Dutse, a karɓi shaidar cewa ta isa, a sanar da jama'a bayan sallar Juma'a, dagaci kuma ya ajiye kwafi. Idan an zo an gyara, alhamdu lillahi. Idan ba a zo ba har abin da ake gudu ya auku, to, magada suna da hujja a rubuce tun ranar farko ta wata ukun nan da doka ta ba su.